Yadda Ake Neman Gurbin MBA Idan Sakamakon Digirinka Bai Yi Kyau Ba

Tambayar da ta fi yawan zuwa mana daga ma'aikata da 'yan kasuwa a nan Zariya ita ce: na fita da digiri mai daraja ta uku, ko akwai makarantar da za ta karɓe ni in yi MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci? Wasu kuma HND ce a hannunsu, wasu 2:2 ce, wato daraja ta biyu ta ƙasa, amma tana can ƙasa-ƙasa. Amsar ita ce akwai hanya, sai dai ba ta ƙofar da mai 2:1, wato daraja ta biyu ta sama, ke bi ba, kuma sau da yawa takan ci shekara guda ƙari. Sakamakon da aka riga aka rubuta maka ba zai sauya ba. Abin da ake yi shi ne a ɗora sabuwar shaida a kansa, wadda za ta nuna wa masu zaɓe cewa yanzu za ka iya karatun. Matakan da ke ƙasa a jere suke, kuma wanda ya tsallake ya fara da sayen fom shi ya fi kowa asarar kuɗi.

1. San matsayinka da lamba

Ɗauko takardar sakamakonka ka duba CGPA ɗinka, wato matsakaicin makin dukkan karatunka, kada ka tsaya ga sunan darajar kawai. A ma'aunin maki 5 da yawancin jami'o'in Najeriya ke amfani da shi, daraja ta ɗaya daga 4.50 take zuwa 5.00, 2:1 daga 3.50 zuwa 4.49, 2:2 daga 2.40 zuwa 3.49, daraja ta uku daga 1.50 zuwa 2.39. Ka ga faɗin 2:2 ya haura maki guda cur, don haka mai 3.40 da mai 2.45 ba matsayinsu ɗaya ba a idon kwamitin zaɓe, ko da sunan takardarsu iri ɗaya ne. Ita HND a ma'aunin maki 4 take, inda Upper Credit ke farawa daga 3.00, Lower Credit kuma daga 2.50.

Bayan wannan, yi lissafi biyu da kanka. Na farko, makin shekaru biyun ƙarshe kaɗai. Na biyu, makin kwasa-kwasan lissafi kaɗai, wato irin su ƙididdiga, akanta, tattalin arziki da lissafin kasuwanci. Yadda ake yi: A maki 5 ce, B 4, C 3, D 2, E 1, F kuma sifiri. Ka ninka makin kowane kos da yawan yunit ɗinsa, ka tara, ka raba da jimlar yunit. Misali, B a kos mai yunit 3 ta ba ka 12, C a mai yunit 2 ta ba ka 6, A a mai yunit 3 ta ba ka 15. Jimla 33, a raba da 8, ya zama 4.13.

Wannan lissafin shi zai nuna maka inda raunin yake. Wanda ya yi tuntuɓe a aji ɗaya da aji biyu sannan ya farfaɗo yana da hujja mai ƙarfi. Wanda raunin nasa a lissafi yake, aikin da ke gabansa ya fi yawa, domin kwasa-kwasan farko na MBA cike suke da alƙaluma.

2. Zaɓi ƙofar da sakamakonka zai iya buɗewa

Ƙa'idar da ta fi yawa a jami'o'in ƙasar nan ita ce mai 2:2 zuwa sama yana iya neman MBA kai tsaye. Mai daraja ta uku da mai HND kuwa, sai sun fara yin difilomar gaba da digiri, wato PGD, a fannin gudanarwa ko makamancinsa. Akwai makarantun da ke sa wanda digirinsa bai shafi kasuwanci ba shi ma ya bi ta PGD, ko da sakamakon nasa mai kyau ne. Takardun ƙwararru irin na ƙungiyoyin akantoci na ICAN da ANAN da ta ma'aikatan banki ta CIBN suna taimakawa, wasu wuraren ma suna lissafa su a cikin sharuɗɗan shiga.

Mazaunin Zariya bai rasa zaɓi ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar kasuwanci, tana kuma da cibiyar karatu daga nesa da ke gudanar da MBA ta intanet. Akwai makarantar kasuwanci ta Dangote a Jami'ar Bayero ta Kano, akwai Jami'ar Jihar Kaduna, akwai jami'ar karatu daga gida ta NOUN, sannan akwai Lagos Business School ga mai hali. Zaɓi uku, ka buɗe sanarwar ɗaukar ɗalibai ta wannan shekarar ta kowacce, ka kwafe sharuɗɗan a takarda kalma da kalma. Ta bara ba ta wadatar, domin sharuɗɗa suna sauyawa.

Gargaɗi: idan burinka shi ne koyarwa a jami'a ko digirin digirgir, tsaya ka yi tambaya kafin ka zaɓi MBA. A jami'o'in Najeriya da dama ana ɗaukar MBA a matsayin digirin ƙwarewar aiki, kuma MSc, wato digiri na biyu na bincike, ake nema kafin a ba mutum gurbin digirin digirgir (PhD). Mutane sukan gano haka bayan sun kashe shekara biyu da kuɗinsu.

Gargaɗi na biyu ya shafi masu hangen ƙasar waje. Manyan tallafin karatu irin Chevening na Birtaniya galibi suna neman sakamakon da ya kai 2:1 tare da gogewar aiki ta aƙalla shekara biyu. Idan sakamakonka bai kai ba, kada ka gina lissafin kuɗinka a kan irin wannan tallafin. Makaranta tana iya ba ka gurbi, amma kuɗin daga aljihunka, ko wajen aikinka, ko ragin da ita makarantar ta yi maka zai fito.

3. Fara neman transkirif tun yau

Transkirif, wato takardar da ke nuna makin kowane kos da ka yi, ita ce ta fi jinkiri, kuma ba a hannunka saurinta yake ba. Transkirif na hukuma daga tsohuwar makarantarka yake tafiya kai tsaye zuwa sabuwar, ba a ba ka shi a hannu ka kai. Kwafin ɗalibi da kake riƙe da shi don amfanin kanka ne kawai. Ka nema wata uku zuwa shida kafin a rufe fom, musamman idan ka daɗe da gamawa, saboda tsofaffin sakamako a takarda suke, sai an bi sashe an tono fayil. Ka adana rasit da lambar biyan kuɗi, ka rubuta adireshin ofishin da za a aika wa daidai yadda yake a sanarwa, sannan ka riƙa bibiya ta ofis. Wanda ya yi ND da HND a makarantu biyu, ko ya shiga jami'a da NCE, ya shirya neman na kowacce.

Yayin da kake jira, haɗa sauran: takardar digiri ta asali, takardar kammala bautar ƙasa ko ta yafewa daga NYSC, sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardar ƙaramar hukuma, da hotunan fasfo.

A nan akwai tarko biyu. Na farko, sakamakon sakandare. Ana neman kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, yawanci a zama ɗaya ko biyu. Wanda ya shiga jami'a tuntuni da D7 a Lissafi, saboda kos ɗinsa na wancan lokacin bai buƙata ba, zai iya rasa gurbin MBA a kan wannan kaɗai. Maganinsa shi ne ya zauna jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO, babu kunya a ciki. Na biyu, saɓanin suna. Idan wata takarda ta ce Muhammad wata ta ce Mohammed, ko aure ya sauya sunan mace, a yi takardar rantsuwa a kotu, a buga sanarwa a jarida, a haɗa da sauran takardun tun kafin ranar tantancewa.

Mai neman Amurka ko Kanada zai iya tarar da makarantar ta ce a bi ta hukumar auna takardu irin WES. Nemi nau'in da ke auna kos bayan kos idan shi suka ambata. Kada ka mayar da CGPA ɗinka zuwa ma'aunin maki 4 da kanka ta hanyar raba lamba. Rubuta shi yadda yake, ka nuna cewa bisa 5 ne, su yi nasu lissafin.

4. Idan ta PGD za ka bi, yi ta da gaske

Wannan matakin shi ne zuciyar maganar ga mai daraja ta uku da mai HND. PGD takan ɗauki zangon karatu biyu zuwa uku, ana koyar da tushen akanta, ƙididdiga, tattalin arziki, tallace-tallace da gudanarwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauke ta a matsayin takardar wucewa kawai, a riƙa zuwa lakca jefi-jefi, a fita da sakamako mai rauni na biyu. Yanzu takardu biyu ke nan suna ba da shaida iri ɗaya a kanka, kuma gyaran wannan ya fi wuya. Makarantu sukan gindaya makin da dole a samu a PGD kafin a wuce MBA, wasu 3.00, wasu 3.50 bisa 5. Tambayi lambar tun ranar rajista, ka sa burinka a 4.00.

Ga abin da ke taimakawa a aikace. Kafin a fara zango, ɗauki wata guda ka maimaita lissafin sakandare: kaso cikin ɗari, aljabra, jadawali, riba mai ninkuwa. Koyi Excel har ka iya tara alƙaluma da zana jadawali ba tare da neman taimako ba. Kada ka raina gwajin tsakiyar zango da aikin gida, domin kashi 30 zuwa 40 na maki daga nan yake fitowa, kuma a nan ma'aikata ke zubar da maki saboda uzurin ofis. Idan aikinka na tafiye-tafiye ne, zauna da shugabanka tun farko ku daidaita ranakun jarrabawa, ka kuma nemi izinin karatu a rubuce idan ma'aikacin gwamnati ne kai.

Shawararmu ita ce ka yi PGD a makarantar da kake son yin MBA. Malaman da za su zauna a kwamitin zaɓe sun riga sun ga aikinka, kuma babu gardama a kan ko sun yarda da takardar. Idan dole sai a wani wuri, je ofishin karatun gaba da digiri na makarantar da kake nufa ka tambaya ko suna karɓar PGD ta can. Ka guji cibiyoyin da ke tallar difiloma cikin wata uku. Duba jerin jami'o'in da hukumar NUC ta amince su gudanar da karatun gaba da digiri kafin ka biya ko sisi.

Mai 2:2 da ke hangen waje, wanda ba ya buƙatar PGD, yana iya cike gurbin lissafi da kos mai jarrabawa da maki, irin CORe na makarantar kasuwanci ta Harvard da ake yi ta intanet, wanda ya ƙunshi akanta, tattalin arziki da nazarin alƙaluma. Takardar halarta da ba a yi mata jarrabawa ba, komai yawanta, ba ta da nauyi a wannan wajen.

5. Jarrabawar shiga

Wasu makarantun gida suna yin tasu jarrabawar, yawanci lissafi, Turanci da tunani. Nemi tsofaffin tambayoyi daga waɗanda suka riga ka, ka riƙa gwada kanka da agogo a gabanka.

A waje kuwa, jarrabawar GMAT ko GRE ita ce babbar damar mai raunin sakamako, domin ita kaɗai ke auna ka da sauran masu nema a kan ma'auni ɗaya, a yau. GMAT ta yanzu sashe uku ce, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, fahimtar rubutu tambaya 23, nazarin bayanai tambaya 20. Makinta daga 205 ne zuwa 805, kuma yana aiki har shekara biyar. Kuɗinta a yawancin ƙasashe tsakanin dala 275 ne zuwa 300. GRE ba ta kai awa biyu ba tun bayan gyaran 2023, kuma makarantun kasuwanci da yawa suna karɓar ta. Duba matsakaicin makin ɗaliban da makarantar ta ɗauka bara, ka sa burin wuce shi, tunda kai akwai giɓin da kake cikewa.

Ware wata uku zuwa huɗu, awa ɗaya da rabi zuwa biyu kullum. Fara da gwajin kyauta na hukumar jarrabawar don ka san inda kake. Buɗe littafi na musamman ka riƙa rubuta duk tambayar da ka faɗi da dalilin faɗuwar: rashin sani, gaggawa, ko rashin fahimtar tambaya. Kada ka biya kuɗin zama sai makin gwajinka ya kai burinka sau biyu a jere.

Gargaɗi: akwai damar yin jarrabawar daga gida ta intanet, amma ɗaukewar wuta ko yankewar sadarwa na iya lalata zaman. Idan ba ka da tabbacin lantarki da intanet na awa uku, ka yi tafiya zuwa cibiyar jarrabawa. Tanadi fasfo ɗin fita waje, kuma sunan da ka yi rajista da shi ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Idan makarantar ta ce jarrabawar ba dole ba ce, kai ka yi ta. Wannan sassaucin ya fi amfanar mai sakamako mai ƙarfi. Idan an nemi jarrabawar Turanci ta IELTS, ka tuna shekara biyu kawai take aiki, kada ka yi ta da wuri.

6. Mayar da aikinka hujja

Makarantar kasuwanci tana daraja gogewa, kuma duk shekarar aiki da ta ƙaru tana rage nauyin tsohon sakamako. Amma jerin muƙamai ba hujja ba ne. A takardar tarihin aikinka, wadda bai kamata ta wuce shafi ɗaya ko biyu ba, kowane layi ya faɗi abin da ka yi da abin da ya haifar, da lamba: mutum nawa ke ƙarƙashinka, kuɗi nawa ke bi ta hannunka, bashi nawa ka karɓo, kwana nawa ka rage a wani aiki.

Mai shago a kasuwar Sabon Gari, ko mai sayen masara da waken soya yana kaiwa kamfanonin abincin kaji, ko mai makarantar kuɗi a Samaru, kada ya ɗauka ba shi da gogewa. Abin da yake buƙata takarda ce: rajistar hukumar kamfanoni ta CAC, bayanin asusun banki na kasuwancin, littafin ciniki, da wasiƙa daga wani babban abokin hulɗa. Kada ka ƙara gishiri a lamba ko guda, domin a ganawar baki za a iya tsare ka a kanta.

7. Masu yi maka shaida

Yawanci biyu ko uku ake nema. Zaɓi shugabanka na wajen aiki da ke ganin aikinka kullum, da malamin da ya koyar da kai a PGD ko ya duba kundinka. Wasiƙar babban mutum da bai san aikinka ba ba ta ƙara komai. Ba su mako huɗu zuwa shida, ka kai musu tarihin aikinka, ka gaya musu ƙarara cewa sakamakon digirinka yana da rauni, kana so su ambaci wani aiki na lissafi ko nazari da suka ga ka yi. Idan ta imel makarantar za ta tuntuɓe su, tabbatar adireshin yana aiki, ka tuna musu su duba.

8. Yadda za ka yi bayanin sakamakon

Fom ɗin makarantun waje yana da gurbin ƙarin bayani, na gida kuma yakan zo a takardar manufa ko a ganawar baki. Kada ka yi shiru, sun riga sun gani. Jimla huɗu zuwa shida sun isa, a wannan jerin: abin da ya faru, a wane lokaci, abin da ya sauya, da shaidar sauyin. Misali: "Makina ya faɗi a aji biyu lokacin da nake riƙe da shagon mahaifina bayan rasuwarsa. Na ɗauki nauyin rashin daidaita lokacina. A shekaru biyun ƙarshe makina ya kai 3.60, kuma na kammala PGD da 4.20 ina aiki cikakken lokaci."

Abin da ke ɓata wannan bayanin shi ne ɗora laifi a kan malamai, ko kafa hujja da yajin aikin jami'o'i, alhali kowa a ajin ya sha shi kuma wasu sun fita da 2:1. Idan babu wani dalili sai ƙuruciya da wasa da karatu, faɗi haka a jimla ɗaya ka wuce zuwa shaidarka. Kada ka ƙirƙiro rashin lafiya ko rasuwa. Kuma kada wannan batun ya mamaye babbar takardar manufarka, ita aikinta bayyana inda ka dosa da dalilin da ya sa wannan makarantar ce za ta kai ka.

9. Cike fom da biyan kuɗi

Shiga ta shafin makarantar na ainihi. Jami'o'in tarayya ta Remita ake biyan su, shafin zai fitar maka da lambar RRR, ka biya a banki ko ta kati. Duk wanda ya ba ka lambar asusun kansa, ko ya ce yana da hanya a ciki, rabu da shi. Gurbin da aka samu da takardar bogi ana soke shi ko bayan an gama karatun.

Idan a shagon intanet za ka cike, zauna kusa da mai buga maka, ka yi amfani da imel ɗinka da lambar wayarka, ka karanta kowane shafi kafin a aika. Kurakuran da suka fi yawa su ne zaɓar MSc a maimakon MBA, juya jerin suna, da ɗora hoton takarda da ba ya karantuwa. Buga kwafi biyu na fom da rasit.

A lissafin kuɗi, kada ka tsaya ga kuɗin makaranta. Sa kuɗin fom na makarantu uku, transkirif na kowacce, kuɗin karɓar gurbi, shekarar PGD, littattafai, data, sufuri da kundin bincike. Manyan makarantun Amurka sukan karɓi dala 200 zuwa sama a fom kaɗai, kuma zagaye-zagaye suke ɗauka: na farko wajen Satumba, na biyu wajen Janairu, na uku wajen Afrilu. Nemi na farko ko na biyu, domin kafin na uku gurabe sun kusa ƙarewa.

10. Tantancewa, da abin yi idan sunanka bai fito ba

Ranar tantancewa je da takardun asali da kwafi biyu na kowacce, a jere yadda sanarwa ta lissafa su. Idan akwai ganawar baki, shirya amsar minti ɗaya kan sakamakonka, ka maimaita ta da baki har ta zauna, sannan ka san lambobin da ka rubuta a tarihin aikinka.

Idan jerin farko ya fito babu sunanka, fara da tabbatar da cewa transkirif ɗinka ya isa ofishin, domin sau da yawa fayil ɗin da bai cika ba ne aka ajiye gefe. Jira jeri na biyu. Idan shi ma bai fito ba, rubuta wa mai kula da shirin wasiƙa gajeriya cikin ladabi, ka tambayi abin da ya rage a takardunka. Kada ka sake nema da fayil ɗin bara yadda yake. Ƙara abu guda da za a iya aunawa, ko makin jarrabawa mafi girma, ko kiredit ɗin Lissafi, ko matakin ICAN da ka ci, ka ambace shi a layin farko na sabuwar takardar manufarka.